Babi na Shida: Kafin Sabon Kaya Ya Sauka

Albasar da ake saukewa a Anacha yawanci ba a gama biyan kuɗinta ba. An yi lodinta a Aliero ko a Sakkwato bisa magana, direba ya yi kwanaki a hanya, dillali ya karɓa ya rarraba wa masu sari, su ma da yawansu bashi suka ɗauka, sai sun sayar kuɗi ya fara komawa Arewa. Haka shanun da ake kaiwa Garikin Ugwuoba a kan hanyar Inugu zuwa Anacha, haka busasshen kifin Baga, haka waken Dawanau, haka manjan da motar ke komawa da shi gida. Ciniki ne mai nisan zango, kuma ba abin da ke riƙe da shi sai amana da lissafi.

Ba yau aka fara ba. Layin dogo ya haɗa Fatakwal da Inugu a 1916, gadar Makurdi ta samu a 1932, daga nan Bahaushe ya ƙara sakin jiki da ƙasar Kurmi har ta kai Malam Umaru Altine, mai fataucin shanu ɗan asalin Sifawa ta ƙasar Sakkwato, ya zama magajin garin Inugu na farko a shekarun 1950. A wancan zamani lissafi a kan fatoma yake, wato mai masaukin fatake, sai ɗan littafin da wani malami ke cikawa da ajami ko da boko. Addini ma ya yi umarni da hakan, domin ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa masa shaidu ta sauka.

Yau littafin ya koma cikin na'ura. Ka je wurin 'yan canji a titin Owerri a Inugu, ko wajen masallacin titin Bida a Anacha, ko cikin 'yan gwari a Fatakwal, ka tambayi mutum shaidar kuɗin da yake bi. Waya zai zaro. Ga hoton takardar lodi, ga hoton rasit ɗin tura kuɗi, ga saƙon murya a WhatsApp inda wancan ya ce da bakinsa buhu nawa ya karɓa. Sakataren ƙungiya kuma yana da laftof ɗinsa ta hannu, ko filash ɗaya a aljihu, a ciki akwai sunayen mambobi, hotunan katin shaida, kuɗin wata, da kwafen wasiƙun da aka rubuta wa hukuma tun shekarun baya.

Mazaunin Kudu ya san asara kala-kala. A Fatakwal gobara ta ci kasuwar Mile 1 a Diobu a Disambar 2013, ta ci kasuwar Fruit Garden ta titin Kaduna a Satumbar 2018, a Anacha kuma tankar mai ta faɗi a Upper Iweka a Oktobar 2019 wutar ta bi kwata ta shiga kasuwar Ochanja. Akwai kuma ranakun da mutum ke barin shago da abin da ke jikinsa kawai, kamar rikicin Fabrairun 2006 a Anacha da na Oktobar 2020 a Oyigbo. Waɗannan su ne ake ba da labarinsu. Amma asarar lissafi da ta fi yawa ba wuta ce ke kawo ta ba. Yatsa ne. Yaro ya ɗauki waya ya latsa, ko kwamfuta ta nemi a yi wa filash fomatin mutum ya amsa mata da to, ko an goge folda ana zaton akwai kwafinta a wani wuri alhali babu.

Abin da yawancin mutane ba su sani ba shi ne, a daidai lokacin da aka goge fayil, fayil ɗin bai je ko'ina ba.

Faifan kwamfuta, da filash, da memori, duk tsarinsu ɗaya da babbar kasuwa mai rumfuna da littafin sarkin kasuwa. Kaya suna cikin rumfuna, littafi kuma yana cewa rumfa kaza ta wane ce. Idan ka goge fayil, kwamfuta ba ta zuwa ta kwashe kayan, don aikin zai ɗauke ta lokaci. Littafi kawai take buɗewa ta soke sunanka, ta rubuta cewa rumfar ba kowa. Buhunanka suna nan a jibge, babu wanda ya taɓa su, har ranar da wata mota ta iso aka nemi wurin sauke sabon kaya. Ranar nan ce za a fitar da naka. Duk wata manhajar dawo da fayil da ka taɓa ji, aikinta shi ne ta riga wannan motar zuwa.

A tsarin da ake kira FAT, wanda Microsoft ta yi amfani da shi tun zamanin MS-DOS kuma har yau jikokinsa FAT32 da exFAT ne a kan yawancin filash da memori, sokewar ma 'yar ƙarama ce ƙwarai. Harafin farko na sunan fayil ake canjawa da wata alama, E5, sannan a saki wuraren da ya riƙe. Wani Ba'amurke, Peter Norton, ya gina kamfani sukutum a kan wannan ɗan sirri, lokacin da ya fitar da manhajarsa UNERASE cikin Norton Utilities a 1982. Da Microsoft ta sa nata UNDELETE a MS-DOS 5 a 1991, tambayar da manhajar ke yi maka guda ce: mene ne harafin farko na sunan fayil ɗinka? Shi kaɗai ne ya ɓata. Tsarin NTFS da Windows ke amfani da shi a babban faifai tun 1993 ya fi wannan zurfi, amma ɗabi'ar ba ta canja ba: a yi wa layin fayil alamar cewa ba ya aiki, a bar abin da ke ciki. Kwandon shara da ya zo da Windows 95 ƙarin rangwame ne kawai, kuma a sani, abin da aka goge daga kan filash ba ya biyawa ta kwandon. Kai tsaye yake ɓacewa daga ido.

To tunda haka ne, me ya sa ake yawan dawowa daga wurin mai gyara hannu rabbana? Saboda abin da ake yi tsakanin gogewa da zuwa wurinsa. A Garrison ta Fatakwal, ko Emeka Offor Plaza a babbar kasuwar Anacha, ko layin masu waya a Ogbete ta Inugu, hirar kusan iri ɗaya ce kullum.

"Sannu Alhaji. Yaushe abin ya faru?"

"Ai ya kwana biyu, ɗana. Tun kafin wancan lodin."

"An ci gaba da amfani da filash ɗin?"

"To, ba wani amfani sosai ba. Yaron nan dai ya zuba bidiyon Maulidi, sai wasu karatuttuka."

Shi ke nan, mota ta riga ta sauke. Bidiyo guda mai nauyin gigabait biyu ya isa ya danne takardun ƙungiya na shekara goma, domin takardar Word ko Excel ba ta da wani nauyi. Abin da aka rubuta wani abu a kansa kuwa ya tafi, babu manhajar da za ta dawo da shi, ta kyauta ko ta kuɗi. Don haka mataki na farko ba ya buƙatar ilimin kwamfuta ko kaɗan: ka zare filash ɗin, ka cire memorin, ka ajiye. Idan babban faifan laftof ne, a kashe ta, domin Windows ko ba ka taɓa komai ba tana ta 'yan rubuce-rubucenta a ɓoye, burauza tana tara shara, sabuntawa tana sauka. Wanda ya zauna a kan wannan laftof ɗin yana bincike a intanet yana sauko da manhajoji biyar don ya gwada, da hannunsa yake binne abin da yake nema. Garin neman gira a rasa ido. Manhajar a wata kwamfuta ake sa ta, a haɗa faifan da ya samu matsala a matsayin baƙo, abin da aka ceto kuma a zuba shi a wani wuri na dabam, ba inda aka tono shi ba.

Kafin ma a kai ga manhaja, ya kamata a tabbata an goge ɗin. Akwai wata cuta da duk mai yawo da filash tsakanin shagunan buga takardu ya san ta. Sakatare ya je a buga masa wasiƙa, ya dawo gida ya sa filash, sai ya ga foldojinsa duk sun koma wasu gumaka masu 'yar kibiya a gindi, kowanne nauyinsa bai wuce kilobait ɗaya ko biyu ba. Hankalinsa ya tashi, wani ya ce masa bairos ya cinye, a yi fomatin kawai. Alhali da ya duba cikar filash ɗin zai ga tana nan yadda take, gigabait shida na ciki bai ragu ba. Bairos ɗin bai goge komai ba. Ɓoye foldojin ya yi ta hanyar liƙa musu alamar kayan tsarin kwamfuta, ya ajiye gumakan bogi a madadinsu, don duk wanda ya latsa ɗaya ya ƙara kunna cutar a sabuwar kwamfuta. Maganin layi ɗaya ne. A kwamfuta mai riga-kafi, a buɗe baƙin allon umarni na Windows, idan filash ɗin harafin E aka ba shi a rubuta attrib -h -r -s /s /d E:\*.* a danna Enter. Cikin ɗan lokaci foldoji su fito da sunayensu, a kwashe su, a goge gumakan. Na fi jin takaicin wannan asara a kan kowace, domin ba a yi ta ba sai da aka je neman magani.

Idan kuwa gogewa ce ta gaske, manhajojin sun kasu gida biyu bisa yadda suke nema.

Na farko littafi suke karantawa. Suna bin layukan da aka soke, su ga suna, da girma, da inda kayan suke, su duba ko an riga an sauke wani abu a wurin. Wadda ta fi shahara a cikinsu ita ce Recuva, ta kamfanin Piriform na Landan, wadda ta fito a 2007, kamfanin Avast kuma ya saye Piriform a 2017. Kyauta ce, kuma ba ta da wuyar sha'ani: ta tambaye ka irin fayil, ta tambaye ka wuri, ta kawo jeri, kowane suna da ɗigo a gefensa. Kore yana nufin ba a taɓa wurin ba, ruwan goro an ɗan ci wani ɓangare, ja kuwa suna ne kawai ya rage. Ga wanda ya goge folda yau da safe ya kuma zare filash nan take, Recuva ta ishe shi, kuma fayilolin za su dawo da sunayensu. Ita ma Microsoft ta fitar da tata a 2020, Windows File Recovery, kyauta, sai dai da rubuta umarni ake sarrafa ta, shi ya sa ba ta karɓu a wurin gama-garin mutane ba.

Na biyu ba ruwansu da littafi, rumfa-rumfa suke bi. Nan ne PhotoRec ta yi fice. Wani Bafaranshe, Christophe Grenier, shi ya rubuta ta tare da 'yar'uwarta TestDisk, ya sake su kyauta ga duniya har da asalin rubutun manhajar, kowa ya duba ya gyara. Dabararta ita ce kowane irin fayil yana da tambarin da yake farawa da shi. Hoton JPEG da FF D8 FF yake farawa. Takardar PDF da %PDF. Takardun Word da Excel na zamani da haruffa biyu, PK. PhotoRec tana karanta faifai daga farko har ƙarshe, duk inda ta ci karo da tambarin da ta sani, kuma ta san ɗaruruwa, sai ta yanko daga nan ta ajiye. Saboda haka ko an yi wa memori fomatin na gaggawa, wanda sabon littafi kawai yake shimfiɗawa ya bar kaya, tana iya fito da hotunan.

Sai dai wanda bai taɓa ganin aikinta ba ya shirya. Baƙin allo ne da farin rubutu, da kibiyoyin madannai ake zaɓe. A sa memori mai gigabait 16, a nuna mata inda za ta zuba, a bar ta. Lambobi su yi ta hawa a ƙasa: jpg kaza, mp3 kaza, pdf kaza. Idan ta gama sai ka tarar da foldoji a jere, recup_dir.1, recup_dir.2, har inda suka tsaya, a ciki kuma babu suna ko ɗaya da ka sani, sai f0348672.jpg da ire-irensa, domin suna a littafi yake, ita kuwa ba ta karanta littafi ba. Hoton takardar lodin da ake rigima a kanta yana nan, amma yana tsakanin hotunan suna, da na Sallar shekaru huɗu da suka wuce, da ƙananan hotunan talla da waya ta tara ba da sanin kowa ba, da hotunan mutumin da ya mallaki memorin kafin kai. Sai an zauna an bi su ɗaya bayan ɗaya. Manyan bidiyoyi kuma sukan fito a karye, saboda sau da yawa ba a wuri ɗaya aka ajiye su ba, an rarraba su gutsure-gutsure, bayanin yadda za a haɗa su kuma ya tafi da littafin. TestDisk ita aikinta gyaran littafin ne kansa: ranar da kwamfuta ta ce ba ta gane faifai ba, ko wani sashe nasa ya ɓace ɗungurungum, ita ke lalubo tsohon tsarin ta mayar. A irin wannan rana a guji amsa tayin fomatin, a kuma guji barin Windows ta yi gyaran kanta da chkdsk kafin a kwafe, don takan tattara abin da ba ta gane ba ta mayar da shi gutsattsari marasa suna a wata folda FOUND.000.

Akwai na kuɗi: R-Studio, EaseUS, Disk Drill, Stellar. Wasunsu, musamman R-Studio, ƙwararru na ji da su wajen dawo da foldoji da tsarinsu bayan ɓarna mai yawa. Da yawansu kuma salon cinikinsu shi ne su nuna maka fayilolinka kyauta, su bar ka ka ceto kaɗan, sauran sai ka biya da dala. Ban ga laifin mai sana'a ya nemi haƙƙinsa ba. Abin da nake ƙi shi ne abin da wannan ke jefa mutane ciki, wato neman kwafin sata da aka fasa wa makulli. Irin waɗannan kwafe-kwafe su ne babbar hanyar da bairos mai garkuwa da fayiloli, wanda ake kira STOP ko Djvu, ya bi ya shiga kwamfutocin talakawa a faɗin duniya tun ƙarshen 2018. Mutum ya fito neman folda ɗaya, ya wayi gari duk abin da ke laftof an kulle ana neman kuɗin fansa. A mafi yawan matsalolin ɗan kasuwa, Recuva da PhotoRec sun wadatar, kuma ko sisi ba a biya.

Duk wannan magana a kan lafiyayyen faifai ce. Faifai mai ciwo hukuncinsa dabam. A cikin babban faifai na gargajiya akwai faranti da ke juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti, da wani ɗan hannu da ke shawagi a samansa, tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai kaurin ƙwayar ƙura ba. Laftof ta faɗo daga kan benci tana kunne, ko wuta ta yi ta ɗaukewa tana dawowa tsakanin Nepa da janareta, sai ka fara jin ƙas, ƙas, ƙas. Wannan ƙara hannun ne ke neman hanya ya kasa, kuma kowane minti da aka bar shi a kunne yana iya kankare farantin. Sa wa irin wannan faifai Recuva ta yi ta bincike na awa shida ƙarasa shi ne. Idan har yana karantuwa jefi-jefi, mai gyaran da ya san aikinsa zai fara ɗaukar hotonsa gaba ɗaya zuwa wani faifai da manhajar GNU ddrescue, wadda Antonio Diaz Diaz ya rubuta: tana kwashe wurare masu lafiya da farko, ta tsallake masu ciwo, ta dawo musu daga baya. A kan kwafin ake bincike, asalin a ajiye shi. Idan kuwa ba ya karantuwa sam, aikin ya fi ƙarfin teburin kasuwa. Kada a yarda a kwance shi a fili, balle a Fatakwal da baƙar toka ta fara sauka daga sama a ƙarshen 2016, kada kuma a bi shawarar sa shi a firji, don a damshin Kudu raɓa ce za ta kwanta a kan farantin. Masu ɗaki na musamman mara ƙura suna yin abin mamaki. Lokacin da kumbon Columbia ya tarwatse a sararin Texas ranar 1 ga Fabrairu, 2003, an tsinci wani faifan Seagate a ƙone, kamfanin Kroll Ontrack ya ciro kusan kashi 99 cikin 100 na bayanan gwajin da ke ciki. Amma aiki ne mai tsada, sai abin da ke ciki ya ci kuɗinsa.

Akwai kuma filash da memorin da tun asali ƙarya ne. An rubuta 64 a jiki, kwamfuta ma 64 take nunawa, ainihin cikinsa 8 ne. Yana karɓar kaya ba musu, sunaye suna bayyana, amma duk abin da ya haura takwas ɗin ko dai ya danne na farko ko ya zube a iska. Ranar da aka buɗe sai a ga hotuna ba sa buɗuwa. Nan babu abin da za a dawo da shi, don ba a taɓa ajiye shi ba. Wata ƙaramar manhajar Jamus, H2testw, tana cika filash da bayanai ta sake karantawa ta gaya maka gaskiyar girmansa. Ranar saye ake wannan gwaji, kafin a ba shi amana.

Yanzu ga maganar da ta fi damuna, wadda masu tallar manhaja ba sa son faɗa. Wannan sassauci da muka yi ta bayani yana ƙarewa. Sababbin laftof ba faranti gare su ba, SSD ne, kuma tun daga Windows 7 a 2009 akwai umarnin da ake kira TRIM: da zarar an zubar da kwandon shara, Windows na sanar da faifan cewa wuraren nan ba a bukatarsu, shi kuma ya share su da kansa don ya yi saurin karɓar sabon rubutu. Sau da yawa kafin ka gama salati an gama. Recuva za ta iya nuna maka sunan, har da koren ɗigo, ka dawo da fayil ka buɗe ka tarar ba komai a ciki. Yawancin filash da memori ba su shiga wannan tsari ba tukuna, shi ya sa har yanzu ake samun sa'a da su.

Waya ta fi tsanani, ga shi kuma a cikinta lissafin yake. Wayoyin da suka fito da Android 10 zuwa sama, wato daga 2019, dole ne abin da ke cikinsu ya kasance a kulle da mabuɗin sirri, Tecno ce ko Infinix ko Samsung. Idan waya ta ƙi tashi aka kai ta aka ce sai an yi mata filashin, ko aka mayar da ita yadda ta fito daga kamfani, mabuɗin ne ake jefarwa, abin da ya rage a ciki ya zama tarkacen da ba mai iya karantawa. Duk mai gyaran kirki zai faɗa maka haka kafin ya taɓa, kai ma ka tambaya kafin ka miƙa. Manhajojin da ke cika Play Store da alƙawarin dawo da hotuna, abin da galibinsu ke samowa ƙananan kwafe ne da waya ta ajiye don saurin nunawa, dishi-dishi, lambar da ke jikin rasit ma ba ta karantuwa. Inda ake samun rabo a waya wurare ne marasa ban mamaki: kwandon sharar gidan hotuna, wanda yawanci ke riƙe abu kwana 30, wayar wanda ka tura wa ko ya turo maka, tunda saƙon WhatsApp gida biyu yake kwana, da ajiyar da WhatsApp ke yi a Google Drive. Ita wannan ajiya a jikin adireshin Gmail take, kuma a nan ake faɗuwa. Yaron shagon da aka sayi wayar ne ya buɗe adireshin cikin minti biyu, ya sa kalmar sirrin da ta zo masa, mai waya bai taɓa sanin akwai shi ba. Gigabait 15 da Google ke bayarwa kyauta yakan cika, musamman tunda aka fara lissafa ajiyar WhatsApp a cikinsa a 2024, ajiya ta tsaya watanni ba wanda ya lura. Tun Disambar 2023 kuma Google ta ce tana iya rufe asusun da ya shekara biyu ba a shiga ba. Ɗan kasuwar da ke zaune nesa da gida, a wurin da rumfa kan iya tashi dare ɗaya, ya kamata adireshin nan da kalmar sirrinsa su kasance a rubuce a takarda, kwafi ɗaya a Arewa wurin wanda ya yarda da shi. Sakataren ƙungiya kuma ya riƙa aika kwafin fayilolinsa gida lokaci-lokaci, ko da a filash ne ta hannun direba.

Saura ɗaya fuskar. Manhajar da ke dawo maka da naka ita ce ke dawo wa wani da naka. A 2003 wasu ɗalibai biyu na jami'ar MIT a Amurka, Simson Garfinkel da Abhi Shelat, sun wallafa sakamakon sayen tsofaffin faifai 158 a kasuwar gwanjo: 129 suna aiki, 12 ne kacal aka share yadda ya kamata, kuma sun tono lambobin katin banki fiye da 5,000. A 2005 ƙungiyar Basel Action Network ta bi kwantenonin tsofaffin kwamfutoci zuwa Legas, ta sami faifai ɗauke da takardun hukumomi da na mutanen ƙasashen waje. Laftof ɗin tokumbo da ake sayarwa a Garrison da Anacha ta wannan hanya da yawansu suka biyo, kuma mu ma haka muke sayar da namu. Mutum ya goge hotunan iyalinsa, da hoton katin NIN, da takardun banki, ya yi fomatin na gaggawa, ya miƙa memori ko laftof ga mai saye yana ganin ya wanke.

Shi ma mai gyara, PhotoRec ba ta tambayarsa wanne aka sa shi nema, komai take zubo masa. Alhaji ya kawo memori don takardar lodi ɗaya, ga hotunan matansa da 'ya'yansa mata a allo. Dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a Yunin 2023 ta hana wasa da irin wannan, Suratul Hujurat ta riga ta hana bin diddigin asirin mutane, amma a teburin kasuwa babu mai tsaro sai halin mai teburin. Shawarata ita ce mai kaya ya zauna a wurin har a gama, ya zo da nasa filash ɗin da za a zuba masa, ya kuma ga an goge foldojin recup_dir daga kwamfutar shago kafin ya tashi. Matasanmu da ke koyon gyara a waɗannan garuruwa, wannan sana'a ce da jama'arsu ke bukata a hannun wanda suka sani, kuma kayan aikinta kyauta ne.

Wanda zai sayar kuwa, sharewa ta gaske ba ta da wuya, lokaci kawai take ci. Tun daga Windows Vista, idan aka cire alamar gaggawa wajen fomatin, kwamfuta tana bin faifan gaba ɗaya ta rubuta sifili a kowane gurbi, bayan haka PhotoRec ba ta samun komai. Filash kan ɗauki mintoci, babban faifai awoyi, don haka a yi shi ranar da akwai wuta. Laftof mai Windows 10 ko 11 tana da zaɓin mayar da ita sabuwa tare da tsabtace faifai, sai an shiga an zaɓa da hannu. Waya ta zamani a fitar da asusun Google, a cire memori da layi, sannan a mayar da ita yadda ta fito. Faifan da ya mutu ba a iya yi masa ko ɗaya daga cikin waɗannan, shi ba a haɗa shi da kayan gwangwan: a kwance shi, a huda farantin da ƙusa a wuri uku ko huɗu, sannan a sayar da ƙarfen.